Sa Hannun da Ya Rage

"Sun ƙi karɓa, Sindre... sun ƙi!"

Tuva na tsaye a bakin tashar jirgin ruwa, waya a kunne, iska na neman fizge takardar da ke hannunta.

"Tsaya, rabin raina. Me suka ƙi?"

"Sati takwas ɗin da na yi a gidan tsofaffin nan na tsibirinmu. Makarantar jinya ta Trondheim ta amince da duk darussana na shekara biyu, ban da wannan. Wai wadda ta sa hannu 'yar uwata ce. To wa zai sa in ba Gwaggo Gunvor ba? Ma'aikatan jinya biyu ne kaf a garin!"

"Ki gaya musu har tumakin garinku danginku ne."

"Ba wasa nake ba! In ban kawo sa hannun wani kafin Juma'a ba, shekara guda zan maimaita a nan. Kai kana can Trondheim kana gyaran injin jirgi, ni ina nan."

Kowannensu ya san wace ce ma'aikaciyar jinya ta biyun.

Oda. Wadda Sindre ya yi rawa da ita sau ɗaya a bikin tsakiyar bazara, ita kuwa ta ɗauka alkawari ne.

Da Tuva ta kai mata takardar, Oda ta yi murmushi har kunne.

"Ayya ƙawata... ni fa ban tuna na taɓa ganin kin yi wa kowa allura ba. Bar ta, zan duba."

Litinin ta wuce. Talata ta bi ta.

A gida ma babu sauƙi. Gwaggo Gunvor, ƙanwar mahaifinta da ta raine ta, tun farko ba ta son ƙaurar nan zuwa Trondheim. Tana zaune tana saƙa wata rigar sanyi shuɗiya, wadda Tuva ta ɗauka tata ce, ta sha gaya mata ta yi mata faɗi.

"Ai na faɗa miki. Duk a kan makanike! Ko rigar kirki ba shi da ita, kullum warin mai."

"Gwaggo, ba shi kike ƙi ba," Tuva ta ce a hankali. "Kujerar nan tawa kike tsoron gani babu kowa."

Tsinken saƙar Gwaggo ya tsaya.

Laraba da hantsi, lokacin da ake taruwa shan kofi a gidan tsofaffin, Oda na bakin aiki, sai ga Gwaggo ta shigo da waina mai zafi da jan cuku, Tuva na biye da ita. Ta ajiye faranti, ta ɗaga murya.

"Jama'a, wa ya san yarinyar nan?"

"Mai allurar da ba ta zafi!" in ji tsoho Arnfinn, ɗan shekara casa'in da ɗaya. "Oda na tsaye a kanta tana hamma!"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Wata tsohuwa ta ce ita ma a gaban Oda Tuva ta wanke mata ciwon ƙafa. Gwaggo ta buɗe littafin miƙa aiki, shafin da aka rubuta ayyukan Tuva, ta juya shi gaban Oda.

"Rubutun wa ne wannan, 'yata? Na manto tabarauna."

Fuskar Oda ta yi jawur. A garin mutum ɗari uku, abin da aka faɗa a teburin kofi kafin rana ta karkata ya isa shagon kifi.

Oda ta zaro biro.

Ranar Juma'a amsa ta zo. An karɓa, duka!

Da yamma Sindre ya sauko daga jirgi, Tuva ta ruga ta faɗa jikinsa.

"Masoyina... shekara ta uku, kusa da kai!"

Sai suka ji gyaran murya. Gwaggo ce, riƙe da ƙunshi. Ta tura masa a ƙirji.

Rigar sanyin nan ce shuɗiya.

Ya saka. Ta zauna masa cif.

"Gwaggo!" Tuva ta dafe baki. "Ashe tun watan Maris shi kike saƙa wa..."

"Rufe min baki. Ba zan bari ya tsaya gaban coci da warin mai ba." Ta gyara masa wuyan rigar, ba ta dubi kowa ba. "Kuma a nan za a yi bikin. Arnfinn ya ce shi zai fara rawa da amarya."