Kalmar da Haidar Ya Kawo Gida

"Ba da yawuna ba, Haidar! Kai da bakinka ka ce gado ne."

"Hajiya, ba haka nake nufi ba..."

"To me kake nufi? Ni ban yi boko ba, amma na san gado. Ka auro min ciwon daji, jikokina su tashi da shi a baki?"

Haidar ya sunkuyar da kai. Malamin Turanci ne a sakandare, mutumin da ke gyara wa jama'a magana ko ba su tambaye shi ba. Kalma ɗaya aka ba shi ya kawo gida daga asibiti, ita ce ta fi ƙarfinsa.

Wata biyu ya rage a ɗaura aurensa da Batul lokacin da wani ƙurji ya fito mata a gefen harshe ya ƙi warkewa. Aka ce daji ne. Aka yanke, aka gasa. A ɗakin jinyar akwai Maman Dogara, 'yar Wusasa, ciwonsu iri ɗaya, maganinsu iri ɗaya. Maman Dogara ta koma gida tana cin tuwo. Na Batul ya dawo.

Haidar ya tare likita a baranda. Likitar ta yi masa bayani da Turanci, a hankali: ba ciwon Batul ta samo daga iyaye ba. Abin da kowa ke zuwa da shi duniya shi ne irin garkuwar jikinsa, kuma masu bincike na ganin bambancin da ke cikin ƙwayoyin halittar nan na iya sa jikin wani ya yi wa ciwon tsayin daka, na wani ya gaza. Ya fahimta sarai. Da ya iso gida a gajiye Hajiya ta tambaye shi, ya taƙaita mata: "Wai abin gado ne."

A cikin ganuwar Zariya magana ba ta buƙatar mota. Kafin Juma'a ta kai Tukur-Tukur, gidan su Sadiƙu, saurayin Fa'iza ƙanwar Batul. Dangin Sadiƙu suka aiko a hankali cewa sun ɗan dakata. Malam Inuwa, mahaifin 'yan matan, ya tare Haidar a ƙofar gida.

"Ka gama da babbar, ka haɗa da ƙaramar. Iyakarka zaure."

Batul ta fito zauren sau ɗaya, haɓarta a rufe da mayafi. Tun da aka rage mata harshe, da takarda take magana. Ta rubuta, ta miƙa masa.

"Malam, ka huta. Abokanka ba za su sha wahalar sayen baki ba, amaryar ba ta da shi."

"Batulu, don Allah ki bar irin wannan wasan..."

Ta sake rubutawa. "To in yi kuka? Zafi yake min."

"Zuciyata, wallahi ko yau aka ce a ɗaura, na shirya! Hajiya ce kawai..."

Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta rubuta: "Kai ne ka san Turanci."

Ya fi wata uku yana bin Hajiya. Ya yi mata misali da gero da dawa, ya yi da masu gadi biyu, ɗaya mai barci. Ta ce duk dabara ce ta wanda so ya rufe wa ido. Zai iya tsallake ta ya je wurin baffanninsa, amma ita ta riƙe shi ita kaɗai tun rasuwar mahaifinsa, bai taɓa ƙetare maganarta ba. Mutane suna yaba irin wannan biyayya, musamman waɗanda ba su ne ke kwance ba.

Ranar da ta je asibiti don ciwon gwiwa ya lallaɓa ta har ofishin likitar. Minti biyar aka yi, da Hausa.

"Hajiya, kina da 'yan'uwa da kuka sha nono ɗaya? Zazzaɓi in ya zo, duk kwana ɗaya kuke yi?"

"A'a. Adama sai ta yi mako, ni kwana biyu."

"To kusan haka ne. Yarinyar nan ba ta shafa wa kowa komai ba. Jikinta ne bai iya wannan faɗan ba."

A cikin Keke Napep, a hanyar gida, Hajiya ta juyo. "To kai me ya hana ka faɗi haka tun farko?"

Ya mai da idonsa kan titi.

Washegari da hantsi ta sa sabon mayafi, ta ɗauki turare da goro, suka tafi. Aka bar shi a zaure, ita ta shiga. Yana jin muryarta daga ciki tana ba da haƙuri, tana cewa a sa rana, ko jibi ne. Bai ji an amsa ba.

Da ta fito idonta ya yi ja. Ta miƙo masa takarda a ninke.

"Ya Salam, yarinyar nan ta ƙare... Ga shi ta ce in ba ka. Karanta min."

Rubutun ya karkace, kamar na 'yar aji ɗaya.

"Masoyina, ka gode wa Hajiya, turaren da daɗi, har yanzu ina jin ƙamshi. An ce ya kai wuya. Likita ta ce in zauna a gida, ba sai na ƙara komawa ba. Kar a sa rana, Baba ba zai iya taro biyu ba, biki da makoki. Ka je gidan su Sadiƙu da Hajiya, ita ta yi magana, kai ka yi shiru."

"Me ta ce?" Hajiya ta matso. "Ta yarda?"

Haidar ya ninke takardar, ya sake ninkewa, har ta ƙi ninkuwa. Hawaye na ɗiga a kan hannunsa.

"Ta ce turaren da daɗi."