Maɓallan Rigar Baba

Minti ashirin ke nan Baba yana kokawa da maɓalli na uku. Hannunsa na dama, wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa wata biyu da suka wuce, sai rawa yake yi, gumi na gangarowa ta wuyansa. Matar Auta tana tsaye a gabansa, ta kai hannuwanta baya ta damƙe su tam.

"Saura kaɗan, Baba. Tura shi da babban yatsa."

A haka Yaya Babba, wato babbar 'yar gidan, ta ɗaga labule ta same su. Ta dubi uban, ta dubi matar ƙaninta, ta ajiye jakarta a kan gado.

"Ke yanzu ba ki ji kunya ba? Tsoho yana wahala kin tsaya kallo?"

"Yaya, ba kallo nake yi ba, aikin ke nan. In aka saka masa, hannun ba zai—"

"Likita, rufa mana asiri."

Cikin daƙiƙa biyar ta saka maɓallan duka, ta goge masa gumi, ta ce sannu. Baba ya bi yatsunta da ido kawai, don harshensa ma ciwon bai bar shi ba.

Wannan suna na Likita ba na girmamawa ba ne. An laƙa mata shi ne tun da ta dawo daga karatun shekara guda a wata ƙasa mai nisa, inda ta ƙaro ilimin fisiyo, wato aikin motsa gaɓoɓin marasa lafiya. Auta, mijinta, malamin makaranta ne, kuma shi ya tsaya kai da fata sai ta tafi. Ranar da ya raka ta filin jirgi abu ɗaya ya roƙa: kullum ta kira shi ta faɗa masa sabon abu guda da ta koya. Ba ta taɓa fashi ba. Yau ta ba shi labarin jirgin ƙasan da ya tafi ya bar ta don ta makara da rabin minti, gobe na abokiyar ɗakinta da ta koya mata yadda ake saka riga uku saboda sanyi ba tare da an zama kamar buhu ba. Shi kuwa ya kwashe ya kai ofishin malamai, har abokansa suka gaji da jin "matata ta ce".

Akwai ranar da ta kira shi tana kuka. Malamarsu, wata tsohuwa mai kaifin baki, ta buge mata hannu a gaban ɗalibai don ta taimaka wa wani majinyaci ya ɗaga kofi. Ta ce mata watannin farko bayan ciwon su ne komai, duk abin da aka yi wa hannu a lokacin ba zai koyi yi da kansa ba. Auta ya lallashe ta, ya ce wallahi wannan darasi ya fi na kowace rana. Saboda haka duk gidan nan babu wanda ya san dalilin tsayuwarta kamar shi.

Washegarin rigimar maɓallan, da hantsi, aka tara kowa a falo. Inna, uwar gidan, tana zaune kusa da kujerar Baba, idonta ya yi ja. Ita ba muguwa ba ce. Shekara arba'in da biyu ba ta taɓa barin mijinta ya nemi silifas da kansa ba, yanzu kuma wata yarinya tana sa shi bin cokali a faranti, rabin abincin a kan cinyarsa.

"Na ɗauke ki 'ya," in ji Inna, tana duban matar Auta. "Amma abin da kika koyo a can, ban san sunansa ba in ba rashin tausayi ba."

"Inna, makon jiya bai iya riƙe cokali ba. Jiya ya kai loma shida bakinsa."

"Kun ji ko? Har ƙirga masa take yi," in ji Yaya Babba. "An je waje an ga duniya, mu ne jahilai."

Baba ya motsa, ya ɗaga hannunsa na hagu, ya fitar da wata murya mai nauyi yana nuna matar Auta. Ya sake gwadawa, kalmar ta ƙi fita, hawaye ya zubo masa.

"Allah sarki," Yaya Babba ta ce, "ƙararta yake kawowa."

Matar Auta ta juya ta dubi mijinta. Magana ɗaya take jira, ko da rabi ce. Auta ya ƙura wa kafet ido kamar ranar ya fara ganinsa. Shi ne ƙarami a gidan, bai taɓa musu da Inna ba, kuma ya ga yau ba ranar farawa ba ce.

"Ki je gida ki huta kwana biyu," ya ce a hankali. "In ƙura ta lafa zan zo."

Ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta shiga ta haɗa kaya, ta durƙusa ta yi wa Baba sallama, ta saka masa ƙaramar ƙwallon roba a tafin hannun dama don ya riƙa matsawa. Kafin ta kai ƙofa Yaya Babba ta cire ta, ta ce mahaifinsu ba yaro ba ne.

Kwana biyu ya zama wata uku. Auta yana turo saƙo, tana amsawa da "lafiya lau". Mahaifiyarta ta ce ta yi haƙuri, ta yi, amma haƙuri ne mai ɗaci, irin wanda ke hana cin abinci. A can kuwa Baba ya samu gata. Ana ba shi a baki, ana saka masa riga, ana ɗaga shi, ana kwantar da shi. Ba wanda ya bar shi ya yi gumi ko sau ɗaya.

Ranar komawa asibiti, likitan ya kama hannun Baba ya yi ƙoƙarin miƙe yatsun, suka ƙi. Ya duba fayil, ya ɗaga kai.

"Zuwanku na baya wannan hannun yana buɗewa. Wa ke yi masa atisaye? Me ya sa aka daina?"

Inna ta dubi Yaya Babba. Likitan ya ce ƙafar za a iya ceto ta in an dage, amma hannun an riga an makara. Inna ta zauna a bencin waje ta rufe fuska da mayafi.

Da la'asar Auta ya yi sallama a gidan surukansa. Matarsa ta fito ta same shi a tsakar gida, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Inna ta ce ki yafe mata. Yaya ma."

"Su ba su sani ba, Malam. Na yafe musu tun a ranar." Ta dube shi. "Kai fa?"

Sai ya durƙusa a gabanta, abin da bai taɓa yi ba, ya ce shi ba shi da hujja, tsoro ne kawai.

Ta koma, don tana son sa, kuma don akwai ƙafar da ba a makara ba. Wata biyar tana fama, wannan karon Inna ce ke korar duk mai son kawo agaji. Baba ya tashi, yana takawa da sanda har bakin titi. Maganarsa ma ta dawo kaɗan-kaɗan, kuma da ya samu baki ya faɗa musu cewa a falo ran nan, roƙonsu yake yi su ƙyale ta ta ci gaba da aikinta.

Haƙurinta ya dawo mata da gidanta da mutuncinta. Amma 'yan'uwa, ku riƙe wannan: kafin ku yanke wa mutum hukunci a kan abin da ya koyo, ku tambaye shi dalili. Wanda kuma ya san gaskiya ya yi shiru don gudun ɓacin ran dangi, laifinsa ya fi na wanda bai sani ba. Hannun Baba bai sake buɗewa ba har ƙarshen rayuwarsa, kuma Auta ne ke zuwa kowace safiya kafin makaranta ya yanke masa farce in ya yi tsawo, ya wanke tsakanin yatsun da suka naɗe.