Ranar Zuba Kankare

Injiniya na tsaye a tsakiyar falo, hular kwano a hammata, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, tana lalubar ɗayan takalminta da ƙafa.

"Kar wanda ya tayar da injin sai na iso! Na ce kar a fara zuba kankaren nan ba na wurin, ka ji ni ko?"

Mijinta, wanda duk unguwa ke kira Mai Hoto saboda shagonsa na ɗaukar hoto, yana zaune da 'yarsu kwance a ƙirjinsa. Jikin yarinyar zafi zau, leɓenta ya bushe.

"Momi, yau ma tafiya za ki yi?"

"Sori, 'yar lelena. Yau kaɗai. Daga an gama wannan hawan benen, shi ke nan."

"Haka kika ce a hawan da ya wuce," in ji Mai Hoto a hankali. "Ki dube ta fa. Maganin bai sauke zazzaɓin ba."

"Da yamma sai mu kai ta asibiti tare, wallahi. Ka fahimce ni mana!"

Ya fahimce ta, kullum ma fahimtarta yake yi. A wurin gini ya fara ganinta, ranar da kamfanin da take wa aiki ya ɗauke shi ya yi musu hotuna, tana tsaye kan tulin yashi tana yi wa ƙarti tsawa. Tun ranar ya kamu. Kafin aure ya yi mata alkawarin ba zai taɓa raba ta da aikinta ba, kuma bai saɓa ba. Shi ke yi wa yarinya wanka, shi ke kai ta makaranta, har kitso ya koya, ko da yake nasa kullum a karkace yake fita.

Sai aka banko ƙofa ba sallama. Hajiya ce, mahaifiyarsa, bayanta kuma Yaya Babba, wansa, mai motocin haya, mutumin da ko yaransa ba sa tari idan yana gida.

Injiniya ta durƙusa. "Ina kwana, Hajiya."

"Da ban kwana ba kya gan ni? Sannu maigida, za a fita nema? Ga uwargida can na gani rungume da 'ya!"

"Hajiya, don Allah..." in ji Mai Hoto.

"Rufe min baki, shanyayye! Maƙwabta ne suka kira ni, jikata ba lafiya, uwarta na shirin zuwa cikin leburori."

Yaya Babba ya miƙa hannu ya sure makullin motar daga kan teburin gilashi. "Yau babu inda za ki."

"Yaya, mutane na jirana, motocin siminti sun riga sun iso. In aka zuba ba daidai ba, rayuka ne za su salwanta nan gaba. Ka ba ni makullina."

"An hana!"

Ranta ya ɓaci, bakinta ya riga hankalinta. "Ai ba kai kake aurena ba!"

Tas! Marin ya juyar da ita, ta bugi bango, hular ta gangara ƙarƙashin kujera. Kafin ta dawo hayyacinta ya zare bel daga ƙugunsa ya naɗe a hannu. Mai Hoto ya ajiye yarinyar ya yi tsalle ya shiga tsakani, ƙarfen bel ɗin ya sauka daidai idonsa na dama.

Ƙarar da ya saki ta sa Hajiya ɗora hannu a ka. Jini ya ɓalle ta tsakanin yatsunsa. Shi da bai taɓa ɗaga wa wansa murya ba, sai ga shi ya cakumi wuyan rigarsa, suka sarƙe, suka zube kan teburin. Gilashi ya tarwatse ko'ina. Yaya ya danne shi yana kai masa naushi, yarinya na tsala ihu, Hajiya na jan rigar babban ɗanta.

"Za ka kashe shi! Na shiga uku, ka sake shi!"

Da ƙyar ya tashi yana huci, ya yi jifa da makullin. "A kan mace ka kama min wuya? Taho mu tafi, Hajiya, wannan ba ɗa ba ne!" Ya ja ta suka fice.

Injiniya ta tsugunna tana goge wa mijinta jini da gefen mayafinta. Idon ya kumbura ya rufe ruf. Sai wayarta ta ɗauki ƙara. Ta dubi wayar, ta dube shi.

"Je ki," ya ce. "Ƙaramin rauni ne."

Wayar ta sake kuka. Ta ɗauki makullin ta fita.

A wurin ginin ta jefa wayar cikin durowar ofis, don ba ta son jin muryar kowa daga dangin miji. Ta hau sama tana ba da umarni cikin rugugin inji, kuncinta na raɗaɗi. Sai da rana ta karkata aka gama, leburori na tafi suna yi mata kirari. Ta sauko ta buɗe durowa, ta tarar da kira rututu daga mijinta da wata lambar da ba ta sani ba. Ta kira baƙuwar lambar, wata nas ce ta ɗauka.

Ashe bayan fitarta jikin yarinyar ya rikice, ta fara sanƙarewa. Mai Hoto ya kira Injiniya har ya gaji. Ya ɗaure idon da tsumma, ya goya 'yar da zani, ya hau babur. A mahaɗar titi wata mota ta ɓullo ta damansa, ɓangaren da ba ya gani, ta kwashe su. Ya juya jikinsa ya tare wa yarinyar kwalta. Ita ƙujewa kawai ta yi, shi ƙafarsa ta karye.

Tana shiga barandar asibitin, sai Hajiya ta yo kanta. Ta fizge mata mayafi, ta damƙi gashinta ta buga kanta da ƙofa.

"Annoba! Kin kashe min ɗa, hankalinki ya kwanta!"

Injiniya ba ta kare kanta ba, ta tsaya ana dukanta, leɓenta na zubar da jini, har masu gadi suka ɓamɓare tsohuwar. Yaya Babba ya tura ƙofar ɗakin ya tsaya kan ƙaninsa, wanda ke kwance ƙafa a sagale, rabin fuska cikin bandeji.

"Ka sake ta yanzu-yanzu, a gabana!"

Mai Hoto ya buɗe idonsa ɗaya. Muryarsa ta dushe, amma kowa ya ji.

"Yaya, idon da ban ga motar da shi ba, wa ya rufe min shi?"

Hajiya ta juya ta dubi hannun babban ɗanta, ta sulale ta zauna a ƙasa. Yaya ya sunkuyar da kai ya fita.

Injiniya ta rarrafa zuwa bakin gadon ta kifa kai tana kuka. "Ka yafe min. Kai ka ce in tafi, amma..."

"Na ce ki tafi ne ina fatan ki ce a'a." Hawaye ya gangaro daga lafiyayyen idon. "Ban taɓa kishi da aikinki ba, alfahari nake da shi. Amma a can akwai wani injiniyan. Mu a gida ke kaɗai gare mu."

Maganar ta fi duk dukan da ta sha zafi.

Washegari ta je ofis da kumburarriyar fuska ta tsaya gaban manaja. Ta ce za ta ɗauki hutu har mijinta ya taka, in ta dawo kuma mataimakinta zai riƙa karɓar wasu ranakun, ba za ta ƙara aikin ƙarshen mako ba.

"Kin san ke muka zaɓa wa babbar kwangilar da ke tafe? In kin fita, ta wuce ki!"

"Ta wuce, ranka ya daɗe."

Ta kuwa wuce ta, kuma abin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye ba. Amma ita ta yi jinyar mijinta da hannunta, ta zauna da 'yarta har ta warware ta koma guje-guje. Hajiya, da kunya ta hana ta haɗa ido da surukarta, ta fara zuwa tana riƙe musu yarinyar. Wata rana ta kama hannun Injiniya ta ce, "'Yata, na zalunce ki." Suka rungume juna suna kuka.

An yi wa idon aiki, likita ya ce an ceto shi, sai dai zai rayu da tabarau. Ranar da aka sallame shi, Yaya Babba ne ya zo da mota. Ya ɗauki ƙaninsa cak kamar jariri ya sa a kujera, sannan ya durƙusa a gaban mutane ya roƙi gafararsu su biyu. Mai Hoto ya dafa kafaɗarsa ya ce komai ya wuce.

Injiniya ta koma aikinta, kamfanin ma bai iya rabuwa da ita ba. Har yau tana yi wa ƙarti tsawa, amma da yamma tana gida, in 'yarta ta yi zazzaɓi kuwa ko wa ya kira sai ya jira.

Haƙurin Mai Hoto ne ya riƙe gidan nan lokacin da zuciya da duka suka kusa rushe shi. 'Yan'uwa, aiki abin so ne, ku riƙe shi da gaskiya, amma kada ku saba da haƙurin masoyi har ku manta shi ma yana jin ciwo. Ku kuma dangi, ku sani hannun da aka ɗaga don gyaran gidan wani, sau da yawa a kan naku yake sauka.