Mai Sikeli Ba Ya Ganin Ja

Ranar da Auta ta fara ganinsa, da faɗa suka rabu. Aikinta a asibitin ido shi ne gwada gani, shi kuma ya zo da takardar neman aiki a wani kamfanin fenti, yana so a sa masa hannu cewa idonsa ƙalau. Haruffan bango ya karance su tas har na ƙasa, yana wani murmushi kamar shi ya rubuta su. Sai ta buɗe masa littafin ɗige-ɗige, wanda ake ɓoye lamba a cikin launuka.

"Wace lamba ce nan?"

"Babu wata lamba."

"Nan fa?"

"Malama, ɗige-ɗige ne kawai. Ki sa min hannu, sauri nake."

Cikin shafi goma, biyu kacal ya gane. Ta rufe littafin ta ce, "Ba ka bambance ja da kore. Ba zan sa hannu ba."

"Shekara takwas ina fesa wa motoci fenti, babu wanda ya taɓa dawo min da aiki."

"To, ka je motocin su sa maka hannu."

Ya fizgi takardarsa ya fita. Ta wuni tana jin haushinsa, kuma abin da ya ƙara ba ta haushi shi ne fuskarsa ta ƙi fita daga ranta.

Bayan wata guda ta kai wa Babanta saƙo garejinsa, inda ya shekara talatin yana haɗa fentin mota da ido kawai, ana zuwa daga nesa saboda gwanintarsa. Tana shiga ta ga mutumin a tsugune gaban ƙaramin sikeli, yana ɗiga fenti yana rubutawa a littafi. Kowane gwangwani ya rubuta sunan launinsa a murfi. Mai Sikeli suke ce masa.

Ko a ina ya samo lambarta, oho. Kafin ta isa gida saƙo ya shigo:

"Kin hana ni aiki ɗaya. Idan kika faɗa wa Oga, na biyu ke nan. Allah dai yana kallonki, Alƙaliya."

Ta mayar masa: "Sirrin wanda na gwada ba ya fita daga bakina. Ba don kai ba, don aikina. Kuma ka koyi gaisuwa."

Gaisuwar ya koya, amma faɗan bai ƙare ba. Kullum sai ya turo wata tambaya mai kama da tsokana.

"Wai shi jan nan da kuke ta yayi, a ina yake zaune? A gwangwani?"

"Ba ya cikin gwangwani, Ɗan Rigima. Hasken rana yana ɗauke da launuka duka. Fentin ya shanye sauran ya maido ja, ido ya karɓa. A can cikin ido akwai 'yan ƙwayoyi iri uku masu karɓar haske. Naka biyu suna aikinsu, na ukun ne ya kauce."

"Ashe kashi biyu cikin ukunki nake gani. Kuma a hakan ma kin hana ni sukuni."

Ta karanta sau huɗu, ta rubuta masa, "Ba ka da kunya." Amma ta san ta kamu.

Saƙon kai wa Baba ya yawaita. A irin wannan zuwan ne ta ga abin da ba ta taɓa zato ba. Baba ya haɗa shuɗi ya tafi salla, sai Mai Sikeli ya ɗauki gwangwanin ya fita rana, ya gwada a jikin motar, ya dawo ya ƙara fari kaɗan, ya mayar inda yake.

"Me kake yi wa aikin Babana?"

"Shuɗi ina ganinsa sarai. Na Oga ya fara yin yawa. Kada ki faɗa masa."

Ta riga ta lura da yanar da ke taruwa a idon Baba, ta yi magiya har ta gaji, ya ƙi zuwa asibiti.

Akwai Dogo, babban ma'aikacin garejin, wanda ya daɗe da sa wa ransa cewa Auta da garejin duk nasa ne. Ranar da Mai Sikeli ya shirya turo iyayensa, a ranar aka ba shi ƙofar wata jar mota ya fesa. Ya auna, ya haɗa, ya fesa, ya tura ta rana yana goge hannu. Ƙofar ta fito kalar taɓo. Kowa ya tsaya yana kallo, shi kaɗai bai san me ake kallo ba.

Saƙonsa ya same ta a wurin aiki: "Ke kaɗai kika sani. Na gode, Alƙaliya. Kin gama shari'arki."

Ta ajiye farar rigarta ta nufi garejin ranta a ɓace. Ta tarar Baba yana ta faɗa, Mai Sikeli yana tattara kayansa.

"Makahon launi a garejina? Kuma wai shi ne zai nemi 'yata? Ba zan bayar ba."

Dogo ya kasa riƙe daɗinsa. "Oga, ai ni na sauya murafen, na ɗora na ja a kan kore. Tun tuni na lura ba ya kallon cikin gwangwani, murfi kawai yake karantawa. So nake ka gani da idonka."

Auta ta juya ga Mai Sikeli. "Ka ji? Ni ka zarga. Ko tambaya ba ka yi ba."

Ya sunkuyar da kai.

Sannan ta fuskanci Baba, wanda ba ta taɓa mayar masa da magana ba. "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Yanar idonka ta yi rawaya, tana tare shuɗi, shi ya sa kake zuba shi da yawa. Wata biyar ke nan wannan da kake kora yana gyara maka shuɗinka a ɓoye, don kada a ce idon Oga ya tafi."

Baba ya nuna mata ƙofa da yatsa. Kwana tara bai amsa gaisuwarta ba, ita kuma ba ta amsa ban haƙurin Mai Sikeli ba, duk da saƙo ashirin da ya turo. A kwana na goma Baba ya shigo ɗakin gwajinta da kansa, ya zauna a kujera ya ce, "Sai ki duba, tunda kin fi ni sani."

Bayan an cire yanar ido ya warke, ya buɗe gwangwanin shuɗin da ya haɗa shi kaɗai bayan korar Mai Sikeli, ya fita da shi rana. Ya daɗe yana kallo, ya ga lallai shuɗin ya yi yawa. A ranar ya sallami Dogo, ya aika a kira masa wanda ya kora.

"Ka rufa min asiri, na tona naka," in ji shi. "Ka turo iyayenka."

Auta ta ja wa Mai Sikeli rai har sati uku kafin ta ɗaga wayarsa, kuma ya ci wannan hukuncin.

Ranar da aka ɗaura aure, Baba ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya sa ku zama idon juna." Sai ya juya ya fita.

Da suka rage su biyu, angon ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Alƙaliya, wane launi kika sa?"

"Ja. Ko sai na kawo maka shaida?"

Ya kama hannunta. "A'a. Kin faɗa, na yarda."