Tagar da Take Buɗewa a Gefen Marigayiya

Aikina buga littattafan mutanen da ba sa karatu. Ran nan bayan isha manhajar tsara shafuka ta ƙi fitowa, ga mai littafi zai zo da safe, ya kuma rantse in ban gama ba, zai kwashe aikinsa. A ƙasan allo alamarta tana nuna a buɗe take, amma allon wayam.

Na kira 'yata a waya.

"Baba, kai da ka haddace kabad guda na littattafai?" ta ce tana dariya. "A allo na biyu take buɗewa, na Umma, wanda ka cire bayan rasuwarta. Kwamfutar ba ta san babu shi ba. Danna maɓallan da zan faɗa maka, ka jawo ta hagu."

Na danna. Tagar manhajar ta leƙo daga gefen dama a hankali, da nauyi. Haruffa suna ta fitowa a cikinta, alhali hannuna ba ya kan komai. Sai aka ja ta baya. Kujerar da ke damata ta yi ƙara, wani sanyi ya taɓa mini kunne.

"Don Allah, Malam, bari in ƙarasa layin nan."

Dariyar 'yata ta ɗauke. "Baba, muryar Umma nake ji?"

Muryar matata ce sak. Amma na kasa juyawa. Duk zamana da matar nan, ba ta taɓa ce mini don Allah ba.