Wasiyyar Rif'at

Mai gadin sinima ne ya tare Rif'at a ƙofa. "Haba Ustaz, koma gida ka huta. Finafinan nan naku na bebaye, maigida ya ƙone su da la'asar, wai sun cinye masa wuri."

Tsohon ya juya ya nufi gida. A zamaninsa duk Alƙahira babu wanda ya kai shi iya mutuwa a fim. Da yake ba a ɗaukar murya, in aka ce ya yi wasiyya sai ya faɗi abin da ya ga dama don abokan aiki su dara, 'yan kallo kuwa su yi ta kuka.

A lungun gidansu ƙaurin ƙonannen fim ya doke shi. Wani saurayi na tsaye ƙarƙashin fitila.

"Salamu alaikum, ɗana. Wa kake nema da daren nan?"

Saurayin ya taho da sauri-sauri yana fizge-fizge, takalmansa na dukan dutse babu ƙara. Fuskarsa fara fat da hoda, leɓɓansa baƙaƙe ƙirin, hular darar da ke kansa ma toka-toka ce.

Ya matso har Rif'at ya ga tabo a girarsa, irin nasa sak. Bakin saurayin ya motsa, ba murya. Amma Rif'at ya karanta leɓɓan, domin shi ya taɓa furta kalmomin, yana kwance gaban kyamara yana danne dariya:

"Mala'ikan mutuwa, in ka isa, zo ka ɗauke ni."