Kujerar da Ta Riƙe Ƙafar Aljani

Ranar da abin ya fara, babu wanda ya ga alama. Rana ta yi ƙasa, inuwar katanga ta cinye tsakar gida, matar Mai Kujera tana kwashe shanya, 'yarsu Auta kuma tana share sassaƙen icce daga bakin rumfar aiki. Shi kuwa Mai Kujera yana zaune a kan benci yana goge gizagonsa, yana satar kallon sabuwar kujerar da ya haɗa kwana tara da suka wuce, irin kallon da tsoho ke yi wa jikansa na fari.

Sai wari ya taso. Wari ne mai nauyi, mai danƙo, kamar na mushen da ya kwana uku a rana, irin wanda ke shiga ta hanci ya zauna a kan harshe. Matar ta toshe hanci da gefen zane.

"Baban Auta, ɓera ya mutu a cikin tarkacenka. Tun yaushe nake cewa ka rage itatuwan nan?"

"Iccena ba ya wari," in ji shi. "Duba bayan tukwanenki dai."

Bai rufe baki ba dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Na biyu ya biyo shi, sannan na uku, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Aka leƙa waje, babu kowa a lungu. Da suka dawo, suka tarar Auta ta jefar da tsintsiya tana riƙe da idon sawunta na hagu, tana cewa wani abu ya matse ta.

Mai Kujera ba da gizago ya fara neman abinci ba. Shekara goma sha tara ya yi a wata masana'antar kayan ɗaki yana tura katako cikin inji, kunnuwansa cushe da auduga, bai taɓa ganin kujera guda daga farkonta zuwa ƙarshenta ba. Kullum ƙafar kujera kawai, ƙafa, ƙafa, har cikin mafarki. Rana ɗaya ya ajiye aikin, ya je ya durƙusa gaban wani tsohon masassaƙi ya koyi aikin hannu. Dangi suka ce ya zautu. Shi dai ya san tun da ya fara tsaga icce da kansa, yana bin jijiyarsa, yana fiƙe shi da wuƙa mai mariƙi biyu har sassaƙe ya riƙa naɗewa yana zuba a kan ƙafafunsa, barcinsa ya dawo, abinci ya yi masa daɗi, ya daina yi wa iyalinsa tsawa.

Kujerunsa ba ƙusa, ba gam. Ƙafafun da ɗanyen icce yake yinsu, sandunan da ke haɗa ƙafa da ƙafa kuwa sai ya busar da su ƙayau a gefen murhu. Ya huda rami a ɗanyar ƙafa, ya buga busasshiyar sanda a ciki. Ƙafar tana bushewa tana tsukewa, ramin yana ƙara damƙe sandar, har ya zama ko ƙarti huɗu ba sa raba su. Wannan ita ce taƙamarsa. Sabuwar kujerar kuwa, wadda ya yi da iccen wata tsohuwar bishiya da iska ta kayar a bayan unguwa, ita ce mafi kyau a duk abin da hannunsa ya taɓa yi. Mutum uku suka taya, ya ce ba ta sayarwa ba ce.

Kowace magariba abin yakan dawo. Da rana gida lafiya lau. Da zarar haske ya fara ja, sai duwatsu, sai wari, sai wata murya daga rumfar aiki, nishi mai tsawo kamar na tsohon da ciwo ya ci ƙarfinsa. Ƙudaje manya masu koren baya suka yi sansani a rumfar. Abinci ya daina kwana a gidan. A sauke tukunya yanzu, kafin a zuba ta yi yauƙi. Maƙwabciyar da ta saba shigowa aron turmi ta riƙa tsayawa daga ƙofa tana magana ta cikin mayafi.

Ƙafar Auta ta kumbura sama da ƙasa, amma daidai idon sawu ta tsuke, kamar an ɗaura mata zobe marar ganuwa. Fatar wurin ta yi baƙi tana tsattsafo da ruwa. An kai ta asibiti sau biyu, aka wanke, aka ba da magani, aka ce in ba ta sauka ba nan da mako guda sai dai a yi maganar yankewa. Yarinyar da ke kasa cin abinci in ta ga gashi a kwano, ita ce uwarta ta tarar a rumfa wata yamma, durƙushe, tana cusa sassaƙe a baki tana taunawa, yawu mai ruwan ƙasa yana bin haɓarta yana ɗiga a ƙirji. Uwar ta juya ta yi amai a gindin katanga, sannan ta zo ta tsaya a kan mijinta.

"Ka tashi ka kira Malam. Ko kuwa sai an yanke mata ƙafa ka sassaƙa mata wata?"

Malam ya zo bayan la'asar, dattijo ne siriri mai tabarau da aka ɗaure da zare. Yana sa ƙafa a zaure ya tsaya, ya yamutsa fuska, ya tofar da yawu a gefe.

"A gafarce ni," ya ce. "Shekara arba'in ina shiga gidajen da ake kirana, ban taɓa gamuwa da mai ƙazantar wannan ba."

Ya sa aka shimfiɗa wa yarinyar tabarma a tsakar gida, uwarta ta riƙe kanta. Ya zauna ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, muryarsa tana tafiya a hankali kamar ruwa a kwalbati. Hasken rana ya ja, duwatsu suka fara. Bai ɗaga kai ba. Can sai jikin Auta ya sandare, idanunta suka juye, bakinta ya buɗe, warin ya fito daga cikinsa har uwar ta kawar da fuska tana hawaye.

"Ya isa, mai tabarau. Ya isa haka. Kana ƙona ni a kan ciwo."

Muryar tsoho ce, mai kaushi, mai majina a maƙogwaro.

"Wane ne kai?" in ji Malam. "Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ita? Ba ta yi mini komai ba. Tambayi wancan mai ƙaton hannun da ke raɓe da bango. Ka ce masa ya faɗa maka abin da yake yi wa kowane rami kafin ya buga sanda."

Malam ya juyo. Mai Kujera ya amsa daga jikin bango.

"Nakan hura, Malam. In yi bismilla in hura, garin icce ya fita. Haka mai gidana ya koya mini."

"Rami nawa ke jikin kujerar?" muryar ta tambaya.

"Ashirin da huɗu."

"Nawa ka hura?"

Mai Kujera ya tuna yammacin da ya haɗa ta. Duhu yana shigowa, an kira salla, saura rami guda a ƙafar baya ta hagu, shi kuma zuciyarsa tana ci ya ga kujerar a tsaye kafin ya tashi. Ya ɗauki guduma kawai.

"Ashirin da uku," ya ce da ƙaramar murya.

"Ka ji!" Bakin Auta ya yi wata mummunar dariya, kumfa ta fantsamo a hannun uwarta. "Shekara ɗari uku ina cikin bishiyar nan. Iska ta kayar mini da gida, ban ce komai ba. Ya zo ya tsattsaga shi, ban ce komai ba, na biyo iccena. Na ga ɗan rami mai sanyi yana ƙanshin gida, na zura ƙafa in huta. Da ya hura da na janye, kamar yadda na janye sau ashirin da uku. Sai ji na yi gum! To tun ranar iccen yake bushewa yana matse ni. Ƙafata ta ruɓe, tsutsa ta shiga. Warin da kuke toshe wa hanci, nawa ne. Na ce bari in ɗanɗana musu."

"Ka yi zalunci," in ji Malam. "Mai laifi daban, wadda ka kama daban. Kuma kai ka shigo gidan mutane ba sallama. Me kake so ka fita?"

"Babban yatsansa na dama."

"Ba za ka samu ba."

"To ya tattara ƙarafunan nan nasa ya zuba a rijiya, kada ya sake taɓa icce har ya mutu."

Mai Kujera ya ɗaga kai. Ya dubi rumfar, ya dubi ƙafar 'yarsa da ƙudaje ke zagayawa. Sai da ya ɗauki lokaci, lokacin da matarsa ba ta taɓa yafe masa tsawonsa ba, kafin ya ce, "Na yarda, Malam."

"Ni ban yarda ba," in ji Malam. "Ba kai ke ciniki ba." Ya matsa kusa da kunnen yarinyar. "Kai tsoho, in ya zubar da kayan aikinsa, wa zai cire maka ƙafa? Ni? Ko ƙusa ban iya bugawa ba. Ka faɗi abin da zai yiwu, in ba haka ba in ci gaba daga inda na tsaya."

Muryar ta yi gunaguni, ta yi tari, ta zagi iyayen guduma. Daga ƙarshe ta ce a buɗe ramin yanzu, amma kada ƙarfe ya taɓa kujerar. In aka sa zarto ko gatari aka yanke masa ƙafa, ta yarinyar ma ta tafi. Sannan a mayar da iccen gindin kututturen da ya fito, kuma kada a sake buga guduma a gidan bayan faɗuwar rana. Malam ya sa aljanin ya rantse har sau uku cewa zai fita.

Mai Kujera ya ɗauko kujerar ya kifa ta a tsakar gida. Sai yanzu ya ga ƙafar baya ta hagu da kyau: daga bakin ramin wani baƙin ruwa mai kauri yana tsattsafowa, ya bi iccen ya daskare kamar majina. Ya san babu mai zare sandar nan. Hanya ɗaya ce, a tsaga ƙafar daga ƙasa, tsagar ta bi jijiyar icce ta ratsa ramin daidai tsakiya. In ta kauce ko da faɗin farce, iccen zai murɗe ya niƙe abin da ke ciki. Da katakon inji ne da ba a fara ba. Amma wannan shi ya tsaga shi da hannunsa, ya san inda kowace jijiya ta nufa.

Ya sami wata 'yar tsaga da bushewa ta yi a tafin ƙafar kujerar, ya dasa wani guntun icce mai tauri da ya fiƙe bakinsa, ya ɗauki gudumar icce. Bugu ɗaya, Auta ta yi ƙara. Ya dakata, ya shafa iccen da yatsa, ya kara kunne. Bugu na biyu. Tsagar ta yi gaba kamar zare. Gumi yana shiga idonsa, warin yana ƙaruwa har Malam ya ja rawaninsa ya rufe hanci. A bugu na bakwai iccen ya yi ƙara ƙas, ya buɗe biyu, sandar ta faɗo.

Abin da ya biyo ta ba shi da kyan faɗa. Ruwa ne baƙi, mai ɗumi, ya fi abin da ramin zai iya ɗauka sau goma, da fararen tsutsotsi suna motsi a ciki. Ya wanke masa hannaye har gwiwa.

Bakin Auta ya sauke dogon numfashi.

"Alhamdu lillahi," in ji muryar, a gajiye. "Zan fita ta ɗan yatsan ƙafa, mai tabarau, kada ka biyo ni da karatu." Aka ɗauka ta tafi. Sai ta ƙara: "Kai kuma, masassaƙi. Na ratsa dutse, na ratsa ƙofar ƙarfe, an rufe ni a kwalba na fita. Ba a taɓa riƙe ni kamar yadda raminka ya riƙe ni ba. Hannunka mugu ne, amma ya iya aiki."

Ɗan yatsan Auta ya yi rawa, ya tsaya. Zoben da ke idon sawunta ya saki a kan idonsu, jini ya fara komawa wurin. Ta buɗe ido, ta dubi uwarta, ta yamutsa fuska.

"Mama, mene ne wannan a bakina?"

Uwar ta rungume ta tana kuka tana goge mata haɓa. Da ta ɗago don ta ce wa mijinta ya kawo ruwa, sai maganar ta maƙale. Yana durƙushe cikin ƙazantar, tsutsa tana hawa wuyan hannunsa, 'yarsa kwance ta rame kamar kara, amma fuskarsa tana haske. Leɓensa ya ɗan ja gefe.

"Baban Auta," ta ce a hankali. "Murmushi kake yi?"

Ya taɓa fuskarsa da bayan hannu, ya ji gaskiya ne. Kunya da ƙyamar kansa suka taso masa har wuya, suka fi warin ɗaci.

"Tir," in ji ta. Ta juya masa baya.

Malam ya miƙe yana kaɗe riga. "Kwashe iccen nan ka kai inda aka ce tun da sauran haske," ya ce. "Ka yi ta istigfari a hanya, kana da bukata."

Mai Kujera ya tattara gutattsarin ya fita, yana istigfarin da gaske, yana tofar da yawu. Ya wuce lungu na farko, ya wuce na biyu. A na uku, inda babu mai ganinsa, ya tsaya, ya ɗaga ɓarin ƙafar kujerar sama wajen ragowar hasken, ya duba. Tsagar ta ratsa ramin daidai tsakiya.